Matsewar jijiyar wuyan hannu: in yarda a yi mini aiki ko in jira?

Tambaya: Wata baiwar Allah, tela, mai shekara 48, ta rubuto cewa kusan shekara biyu ke nan hannayenta na sagewa, na dama ya fi tsanani. Da farko da daddare kawai abin ke tashinta daga barci, sai ta yarfa hannun ya saki. Yanzu babban yatsa da manuniya da na tsakiya ba sa dawowa daidai ko da rana, allura na suɓuce mata ba ta sani ba, amma zogin dare ya ragu. Tana da ciwon suga. Likitan ƙashi ya duba ta, ya ce matsewar jijiyar wuyan hannu ce, wadda ake kira kafal tanel, ya kuma ba da shawarar a yi aiki. 'Yan'uwa sun ce kada ta kuskura ta bari a taɓa jijiya, hannun zai shanye, ga shi ma ciwon ya fara sauƙi. Ta yarda ko ta jira?

Amsa: Hajiya, sannu da jiki, Allah ya ba ki lafiya, ya sa kaffara ce. Abin da ya fi tsaya mini a rai a bayaninki shi ne wannan sauƙin da 'yan'uwa suke murna da shi. A wannan ciwo, idan zogin dare ya ragu amma sagewar ta zauna daram dare da rana, sau da yawa ba warkewa ba ce. Jijiyar ce ta fara gajiya har ta rage kai ƙara. Don haka ba da yawan zafi ake yanke shawarar aiki ba. Ana duba halin da jijiyar take ciki ne: har yanzu matsa kawai take sha, ko kuwa ta fara lalacewa?

A wuyan hannu, ta ɓangaren tafi, akwai wata 'yar hanya da faɗinta bai wuce na babban yatsa ba sosai. Ƙananan ƙasusuwa takwas na wuyan hannu ne suka yi mata ƙasa da gefe biyu, sai wani tantani mai kauri da tauri ya rufe ta daga sama. Abu goma ke bi ta cikinta: igiyoyi tara masu lanƙwasa yatsu, da jijiya ɗaya mai kai saƙo tsakanin ƙwaƙwalwa da hannu. Ƙashi ba ya buɗawa, rufin nan ma ba ya miƙewa, saboda haka duk abin da ya kumbura a ciki jijiyar ce ke ɗaukar nauyin, domin ita ce mafi laushi. Ita ke ba da ji ga babban yatsa, da manuniya, da na tsakiya, da rabin yatsan zobe, kuma ita ke motsa tudun naman nan da ke gindin babban yatsa. Ƙaramin yatsa ba nata ba ne, wata jijiya ce daban ke kula da shi.

A 1981 wasu likitoci a Amurka sun auna matsin da ke cikin wannan hanya, da irin ma'aunin da ake faɗin hawan jini da shi. A hannun masu lafiya sun samu kusan 2.5. A hannun masu ciwon sun samu kusan 32, da suka lanƙwasa hannun kuwa sai ya haura 90. Wannan ne dalilin da ya sa ciwon ke farawa da daddare: mai barci yakan naɗe hannu a ƙarƙashin kunci ko matashi, matsin ya hau, jini ya rage isa ga jijiyar, sai ta tashe shi. Ya yarfa hannu, jini ya dawo, ya koma barci. A wannan mataki babu abin da ya lalace tukuna. Idan matsar ta daɗe, rigar da ke lulluɓe da jijiyar ta fara zaizayewa, saƙo ya riƙa tafiya a hankali, sagewar ta daina tafiya da safe. Idan aka ƙara jinkiri, zaren jijiyar kansa ya fara mutuwa, naman gindin babban yatsa ya rame. Kamar shuka ce da aka kifa wa ƙwarya: in an ɗage da wuri za ta yi kore ta miƙe, in an bari ta daɗe wani sashe zai farfaɗo wani ba zai farfaɗo ba, in kuwa ta bushe, ɗage ƙwaryar ba ya dawo da ita.

Akwai abin da za ki iya dubawa da kanki yanzu. Ki shimfiɗa hannayenki biyu a kan cinya, tafi na kallon sama, ki kwatanta tudun gindin babban yatsa na dama da na hagu. Idan na dama ya faɗa, ko ya yi ɗan rami ta gefen waje, naman ya fara ramewa. Sannan ki ɗaga babban yatsa ya kalli rufin ɗaki, wani ya danna shi ƙasa ke kuma ki hana. In ya kwanta ba wuya, ƙarfi ya ragu. Daga nan ki rufe ido, a shafa miki bakin mayafi a kan manuniya, a shafa a kan ƙaramin yatsa. Idan a ƙaramin kina ji tas, a manuniya kuma kamar ta bayan wani abu ake taɓa ki, wannan ita ce sagewar da ba ta tafiya. Duk wanda ya zo mini da ɗaya daga cikin waɗannan uku, ba na ce masa ya je ya ƙara jira. Ke kuma da bakinki kin faɗi ta ukun, kuma suɓucewar allura na nuna wataƙila ta biyun ma ta soma.

Amma kafin wuƙa, sai an tabbatar cewa matsalar a wuyan hannun take, kuma ciwon sugarki ya sa wannan ya zama dole. Suga na lalata jijiyoyi da kansa, sai dai yakan fara daga yatsun ƙafa ya hauro, ƙafa biyu a tare. Idan tafin ƙafarki ma na sagewa ko yana zafi kamar barkono, ki gaya wa likita. Wanda ya daɗe yana shan maganin sugar nan metformin kan iya samun ƙarancin bitamin B12, shi ma yana kawo sagewa, kuma gwajin jini ke nuna shi. Jijiyar da ta matse a ƙashin wuya kan saukar da ciwo daga kafaɗa har yatsu, ya ƙaru in an juya kai. Idan ƙaramin yatsa ne ya fi sagewa, a gwiwar hannu ake neman matsalar. A ƙasarmu kuma likita mai lura ba ya mantawa da kuturta, domin tana kama jijiyoyin hannu, tana zuwa da tabo mai haske a fata wanda ba ya jin taɓi, kuma maganinta ƙwayoyi ne. Mutum na iya haɗa biyu, misali suga da matsewar, kuma hakan ba ya hana aiki, sai dai yana canza abin da za a sa rai da shi.

Akwai gwajin da ake yi da na'ura, a ɗan tsikari jijiyar da lantarki kaɗan a auna saurin saƙonta a ƙetaren wuyan hannu. Yana nuna inda matsalar take da kuma zurfinta. Ba kowane asibiti ke da na'urar ba, an fi samunta a manyan asibitocin koyarwa da wasu cibiyoyi masu zaman kansu. Wanda alamominsa suka fito sarai ana iya yi masa aiki ba tare da gwajin ba, amma ga mai suga irinki ina ganin kuɗin da wahalar tafiyar sun cancanta. Hoton ƙashi ba ya nuna wannan ciwo, sai dai in an taɓa samun karaya a wurin.

Ba kowa ne ke buƙatar aiki ba, kuma ina so masu karanta wannan amsa su ji wannan da kyau. Mai juna biyu da hannunta ya fara sagewa a watannin ƙarshe, yawanci ruwan da jiki ya tara ne, kuma yakan tafi cikin makonni ko 'yan watanni bayan haihuwa. Wanda ƙwayar maƙoshinsa ta tayirod ta rage aiki, wani lokaci maganin wannan kaɗai ke sassauta hannun. Wanda ciwonsa bai wuce 'yan watanni ba, da dare kawai yake zuwa, da safe yatsu su dawo garau, shi da maɗauri ake fara masa. Maɗaurin wuyan hannu ne mai ɗan ƙarfe a ciki, ana sa shi lokacin barci ya riƙe hannun a miƙe. A lura, da yawa daga waɗanda ake sayarwa ƙarfensu a tanƙware yake zuwa baya, sai a miƙar da shi, domin tanƙwara hannu baya ma na ƙara matsi. Ana ba shi mako huɗu zuwa shida a gani. Ma'aikatan sashen gashin ƙashi na taimakawa wajen zaɓen wanda ya dace da nuna yadda za a sassauta wa hannu aiki.

Sai allurar sitiroyid da ake yi a cikin hanyar kanta. Tana sauke kumburi, kuma mutane da yawa na samun sauƙi sosai, amma sauƙin yakan zama na makonni ko watanni. A wani bincike da aka yi a Suwidin aka wallafa a 2013, an raba mutum 111 gida uku. Bayan shekara ɗaya, kashi 73 cikin 100 na waɗanda aka yi wa allura mai ƙarfi sun ƙare da yin aiki, kashi 81 na masu matsakaiciya, da kashi 92 na waɗanda aka yi wa allurar da ba magani a ciki. Wato allurar na sayen lokaci, tana kuma kuɓutar da wasu, amma mafi yawa ɗage musu ranar kawai take yi. Ga mai suga akwai ƙarin abu: takan ɗaga suga na wasu kwanaki, sai an riƙa aunawa. Kuma ba allurar kemis ba ce. Jijiyar na nan dab da inda ake sokawa, wanda bai san wurin ba zai iya zuba maganin a cikinta.

Game da maɗauri da aiki kuwa, an gwada su kai da kai a Holan, aka wallafa a 2002, da mutum 176. Bayan wata uku, kashi 80 cikin 100 na waɗanda aka yi wa aiki sun samu lafiya, na maɗauri kashi 54. Bayan wata 18 ya zama kashi 90 da kashi 75, amma a lokacin kashi 41 na 'yan maɗaurin sun riga sun je an yi musu aikin. Ni abin da nake karantawa a nan abu biyu ne. Maɗauri ba wasa ba ne, yana wadatar da mutane da dama masu ƙaramin ciwo. Aiki kuma ya fi shi tabbas da ɗorewa.

Ƙwayoyin kashe zafi irin su diklofenak da ibuprofen ba sa buɗe hanyar, kuma mai suga da ya daɗe yana shan su yana jefa ƙodarsa da cikinsa cikin haɗari. Bitamin B ba ya warkar da matsewa, sai dai in akwai ƙarancinsa. Tsaga da ƙaho da sakiya a wuyan hannu ba sa kaiwa ga rufin da ke danne jijiyar, abin da suke bari shi ne tabo, kuma miki a jikin mai suga ba abin wasa ba ne. Na san ba don ƙin asibiti mutane ke zuwa can ba, neman sauƙi ne da abin da ke kusa. Amma watannin da ake ɓatawa a nan jijiyar ce ke biyan su.

Yanzu ga tsoron 'yan'uwa. Ki gaya musu ba jijiyar ake yankewa ba. Rufin da ya danne ta ake tsagawa, ita kuma a bar ta a inda take ta sarara. Daga baya rufin yakan haɗe da kansa, amma da ƙarin fili a ƙarƙashinsa. Aikin ba sabo ba ne, tun a shekarun 1950 wani likitan Amurka, George Phalen, ya yaɗa saninsa, kuma yau yana cikin ayyukan hannu da aka fi yi a duniya. Galibi ba a sa mutum barci. Ana yin allurar kashe wuri a tafin hannu, ita ce ma abin da ya fi zafi a duk aikin, na 'yan daƙiƙoƙi. Sai a yi yanka na santimita biyu zuwa huɗu a gindin tafi, a raba rufin ana kallon jijiyar da ido, a ɗinke fata, a naɗe da bandeji. Minti goma zuwa ashirin ya isa, kina farke kina magana da likita, ki koma gida a ranar. Akwai kuma yin sa da 'yar kyamara ta ƙaramin rami. Masu wannan kan koma aiki da wuri da kamar mako guda, amma bayan watanni sakamakon ɗaya ne, don haka kada ki ci bashi ko ki yi doguwar tafiya saboda kyamara.

Ba zan ce miki babu haɗari ba. Raunata jijiyar ko wani reshenta na faruwa, amma a hannun wanda ya ƙware bai kai mutum ɗaya cikin ɗari ba. Miki na iya ɗaukar ƙwayoyin cuta, kuma suga mara saiti na ƙara wannan. Wani lokaci ba a raba rufin har ƙarshe ba, ciwon ya ƙi tafiya, sai an sake. Kaɗan daga mutane hannunsu kan kumbura ya ƙage ya riƙa zafin ƙuna fiye da kima, wannan na buƙatar a koma asibiti da wuri. Abin da ya fi yawa, wanda kuma ba a cika gaya wa mutane ba, shi ne ciwon gefe biyu na tabon idan an dafa ƙasa za a tashi ko an matse wanki. Yakan ɗauki makonni, wani lokaci wata uku ko fiye, sannan ya wuce. Ƙarfin damƙa ma yakan ragu da farko kafin ya dawo cikin wata biyu zuwa uku. Wanda bai san da wannan ba sai ya ɗauka an ɓata masa hannu.

Ga abin da za ki sa rai da shi, ke da ciwonki ya yi nisa. Tashin dare da tsikarin nan kan tafi da wuri, wasu tun daren farko. Sagewar da ta zauna kuwa a hankali take janyewa, domin jijiya na tsirowa da kamar milimita ɗaya a rana, kuma ta mai suga ta fi nawa. Ki ba ta wata shida zuwa shekara. Mai yiwuwa jin ya dawo duka, mai yiwuwa ɗan saura ya rage a kan yatsu. Naman da ya riga ya rame sosai ba lallai ya cika ba. Duk da haka masu suga na amfana da aikin ƙwarai, kuma ko a hannun da ya yi nisa akwai riba babba: an tsayar da ɓarnar a inda ta kai. Shanyewar da 'yan'uwa ke tsoro, wato babban yatsa ya kasa haɗuwa da sauran ya riƙe allura ko maɓalli, ta hanyar jira ta fi zuwa, ba ta hanyar aiki ba.

Saboda haka ra'ayina, bisa abin da kika bayyana, likitanki ya yi gaskiya. Idan gwaji ya tabbatar, ki yarda a yi wa hannun dama aiki. Ba abin gaggawa ba ne na yau ko gobe, kina da damar shiryawa, amma shirin makonni nake nufi, ba na shekara ba. Na san tela ba ta son ajiye almakashi ana dab da Sallah. Idan saura 'yan makonni ne, ki sa maɗauri ki kammala ɗinkin mutane, ki karɓi ranar aiki ta bayan Sallah tun yanzu. Idan kuwa saura watanni ne, ki yi aikin ki warke kafin cunkoson ya zo. Abin da ba na so shi ne a ce bayan ƙaramar Sallah, ta wuce a ce bayan babba, ta wuce a ce bayan bikin wance.

Kafin ranar, ki sa a yi gwajin sugar nan mai nuna matsakaicin wata uku, in ya yi sama a daidaita shi tukuna. Ki faɗi duk maganin da kike sha, musamman asfirin ko wani mai tsinka jini, har da na gargajiya. Ki nemi likitan ƙashi, ko na gyaran fata da hannu, ko na jijiyoyi, wanda ya saba yin wannan aiki. Ana samun irinsu a Asibitin Ƙashi na Dala da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, da na Shika a Zariya, da na Sakkwato da Maiduguri. Ba rashin kunya ba ne ki tambaye shi ko yana yin aikin a kai a kai, da wanda za ki kira idan wani abu ya taso.

Ban ba ki shawarar a yi hannu biyu rana ɗaya ba, ko da wani ya ce zai fi sauƙin kuɗi. Kina buƙatar hannu ɗaya mai lafiya don tsarki da cin abinci da sa tufafi. Bayan aikin ki riƙa ɗaga hannun sama da ƙirji a kwanakin farko, ki riƙa motsa yatsu tun ranar, kina dunƙulewa kina buɗewa, don kada su ƙage. Kada ruwa ya taɓa mikin har a cire zare, wato kwana 10 zuwa 14. Game da alwala, malamai sun yi bayanin shafa a kan bandeji, ki tambayi malaminku yadda ake yi. Ƙananan abubuwa kamar riƙe cokali da jan carbi za ki iya cikin 'yan kwanaki. Tura yadi a keke sai bayan an cire zare, a hankali. Yanka da almakashi, tuƙin tuwo, daka, matse wanki da ɗaukar bokiti, ki ba su mako huɗu zuwa shida, ki kuma shirya wanda zai karɓe miki su tun kafin a shiga ɗakin aiki. Idan kika ga wurin ya yi ja yana zafi yana ƙaruwa, ko ruwa ko mugunya na fita, ko zazzaɓi ya zo, ko yatsu sun fi da sagewa, kada ki jira ranar da aka ba ki, ki koma a ranar.

Hannun hagu kuwa, tun da kin ce bai kai na dama ba, wataƙila har yanzu yana matakin da za a iya tare shi. Ki fara sa masa maɗauri daga daren yau, ki roƙi a haɗa shi a gwajin na'urar. Idan bayan mako shida yana ci gaba da tashinki daga barci, ku yi maganar allura da likita. Ranar da kuma kika lura sagewarsa ta kai azahar ba ta saki ba, ki koma asibiti a kansa, kada ki bari ya kai matakin da na dama ya kai.